Bindigogin Don Evaristo

A bakin kakata na fara jin sunan Don Evaristo, ranar da aladun daji suka tattake mana rabin masara. Yau ga shi a shagon kayan gona, gashin baki a murɗe, yana shafa bindigoginsa masu ɗura kansu kamar mai shafa jarirai. Ina jin kwalin gwajin harbi kaɗai ke tsoronsa.

Ya ce mini, "Wannan ta zomo ce, wannan ta gasa. Wannan kuwa, 'yata, ko ƙuda ba ta kuskurewa."

"Wacce ce ta alade, Baba?"

Mai shago ya tuntsire da dariya. "Wadda ta kashe maraƙin maƙwabcinsa bara!"

Don Evaristo ya gyara hula, ya sassauta murya. "Zan zo gonarku Asabar. Amma don Allah ki shafa wa shanunku farin fenti."