Burodin Mirdza

Mirdza ta yi rayuwarta a Valka, garin da iyakar ƙasarta da Estoniya ta raba biyu. Ita ke dafa wa yaran makaranta abinci har ta tsufa. Mijinta Endel daga tsallaken iyakar yake, mutumin Estoniya, direban motar katako.

Ranar da ya fara cin baƙin burodinta, ya lumshe ido ya ce, "Garšīgs," wato mai daɗi.

"Kai malam, burodi mace ce a bakinmu," in ji Mirdza. "Garšīga ake cewa. Cuku ne namiji, shi ne garšīgs."

"Mu a harshenmu babu namiji babu mace. Wa ya ɗaga burodin ya duba?"

Ta jefe shi da tsumma, tana dariya. Haka suka tsufa, miya ma garšīgs ce a wurinsa, tana gyara masa yana yi da gangan.

Bayan ya ajiye tuƙi, cutar daji ta kama shi a maƙogwaro. Maganin asibiti ya tafi da ɗanɗanon bakinsa. Mirdza ba ta fasa ba. Ta kawo kifi banda, ta kawo zuma, ta gasa burodi da zafinsa. Yakan tauna a hankali ya yaba, har ranar da ta gan shi ta taga yana zuba wa karensu abincin da ta ba shi.

"Tsoho, ashe ƙarya kake mini?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke kika koya mini cewa kalmar garšīgs daga garša ta fito, wato ɗanɗano. To garša ta tafi, tsohuwa. Komai kamar jiƙaƙƙen garin katako nake jin sa. Amma ki ci gaba da gasawa, hancina yana aiki."

Ta ci gaba. Yakan zauna kusa da tanda da bargo a kafaɗa, yana shaƙar ƙamshi, ita kuwa ta juya masa baya kada ya ga idonta.

Ya rasu lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. 'Yarsu Baiba, wadda ke aikin jinya a Ireland, ta zo jana'iza, ta ce ba za ta bar uwarta ita kaɗai ba. Mirdza ta yi gardama har kaka, sannan ta haƙura. Ta ba maƙwabciyarta karen da akushin kwaɓa burodi, ta rufe gidan.

Yanzu tana can Ireland wurin Baiba, a wani ɗaki a saman bene. Jikokinta suna sonta, amma ba sa jin harshenta, sai uwarsu ta dawo aiki ta fassara musu.