Abin da Barkono Bai Iya Wankewa Ba

Duk gaɓar Sainte-Marie ta tsibirin Martinique, idan ana zancen wanke cikin ƙaguwa, sunan Léonise ake fara kamawa. Ƙaguwar tudu ƙazamar halitta ce: mushe, ruɓaɓɓen ganye, kashin awaki, duk abin da ta tarar a bakin raminta na ciki ne. Shi ya sa ba a ciro ta a jefa tukunya. Tun farkon azumin Ista Léonise take kafa tarkunanta na katako a fadamar da ke ƙasan gonakin ayaba, ta kwaso ƙaguwa ta zuba a keji bayan ɗaki, ta yi ta ɗura musu masara da kwakwa da barkono har cikinsu ya yi fes, naman ya ɗauki yaji tun suna da rai. Ranar Litinin ɗin Ista, sa'ad da Martinique gaba ɗaya ta kwaso tukwane ta sauka bakin teku, matoutou ɗinta na ƙaguwa da shinkafa shi ake fara lashewa. A wurin uwarta ta koya, kuma da shi take taƙama.

Mijinta Théodule lebura ne a gonar ayaba. Shekara da shekaru aikinsa barbaɗa wata farar hoda a gindin ayaba saboda ƙwaro. Da hannu yake ɗiba daga bokiti, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, da rana kuma ya kakkaɓe hannun a wando ya ci burodi da busasshen kifi. Masu gonar, jikokin waɗanda suka mallaki kakanninsa, ba su taɓa ce masa ko wanke hannu ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wallahi ƙarya ne. A nan tsuntsun yana barandarsa a kan tudu yana shan iska, Théodule ne fitsari ya tsaya wa, ciwon daji ya cinye shi a tsaye, Léonise ta binne ƙashi da fata.

Sai bayan nan hukuma ta farka, ihu bayan hari. Aka kakkafa alluna a bakin fadama. Hodar ta shiga ƙasa, ta bi ruwa: kada a ci doya da gwazar wajen, kada a kama kifin rafin, kada a taɓa ƙaguwa. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo har gida tana bayani cikin ladabi.

"To in ci me, allon?" in ji Léonise. "'Yar nan, faɗa mini dai mako nawa zan ƙara ba su barkono. Ni na san aikina."

"Madam, ko shekara kika yi. Ba a hanji take ba, a naman take. Ku manya ku rage. Mai ciki kuwa ko ɗanɗane, don har jaririn take kaiwa."

Wannan maganar ta fi mutuwar mijin ƙona mata rai, Allah ya gafarta mata. Mutuwa kowa ya san da ita. Amma a ce rayuwarta duka tana wanke abin da bai wanku ba, tana miƙa wa mutane da fara'a, suna sa mata albarka? Daga ranar ta daina sayarwa. Dafawa dai ba ta daina ba. Sau ɗaya a shekara take ɗora tukunya don kanta da sa'o'inta tsofaffi, ta ce abin da zai kashe su ya daɗe da kama ɗaki a jikinsu.

Istar bana an sauke tukunya ke nan, ana kiɗa, maza na buga domino da kwalbar giyar rake a tsakiya, sai ga Ghislaine, 'yarta tilo, ta sauko daga mota ba sanarwa. A Paris take aiki. Ta daɗe da aure ba haihuwa, ɓari biyu ta yi, har an daina tambaya. Léonise ta rungume ta tana zagi don murna. Hortense, ƙanwar marigayi Théodule, ita ta ja da baya ta ƙare wa faffaɗar rigar Ghislaine kallo.

"Ke, ɗaga rigar nan. Burodin Faransa ne ya kumbura ki, ko kuwa?"

Ghislaine ta yi dariya ta dafa ciki. "Gwaggo, idonki ba ya tsufa. Ya fara motsi." Ta juya wajen uwarta. "Manman, tun can nake mafarkin tukunyar nan, da daddare har yawu nake zubarwa a matashi. Saboda ita na hau jirgi. Ina faranti?"

Ta miƙa hannu za ta ɗaga murfi. Léonise ta danne murfin da tafin hannu, da zafinsa da komai.

"Ba za ki ci ba."

"Haba Manman, wasa kike?"

"Kin ga alamar wasa a fuskata? Daga fadama suke."

"Ƙafa ɗaya kawai. Romo ma ya isa."

Léonise ta aika aka zagaya tukwanen maƙwabta, ko akwai mai ƙaguwar kudu, inda ƙasa ba ta ɓaci ba. Wasu sun cinye, wasu ba su san inda tasu ta fito ba, wasu sun sani sun sunkuyar da kai. Kanti kuwa duk a rufe.

Hortense ta sa baki. "Léonise, ki ji tsoron Allah. Ana hana mai ciki kwaɗayinta? Kin san duk inda ta sosa a jikinta tana cikin kwaɗayin nan, nan tabon zai fito wa ɗan. So kike a haifo miki jika da ƙaguwa a goshi?"

"A haifo shi da ita! A dai haifo shi!" Muryar Léonise ta sa masu domino suka tsaya. "Yayanki da wane tabo ya tafi? Na ba shi wannan tukunyar, na ba ki, na ba rabin garin nan. Ya isa. Waɗannan biyun ba za su samu ta hannuna ba."

Ghislaine ta fashe da kuka, kukan yunwa da na gajiyar tafiya, ta ɗaga hannu za ta share fuska. Uwar ta cafke hannun a sama.

"Kul, ban da fuska. Sosa ɗuwawu, inda wando zai rufe masa."

Ghislaine ta kai hannu baya ta sosa, tana kuka tana dariya, mata suka kawar da kai. Léonise ta zuba mata farar shinkafa, ta fasa mata gwangwanin kifin da aka kawo daga wata ƙasa. A tsibirin da teku ya kewaye, a ranar ƙaguwa, abin da ta iya ba 'yar cikinta ke nan. Ta ji kamar ta ɗauki tukunyar ta hau tudu ta juye wa mai gona a baranda. Sai dai ta san ko ƙofar ba za ta wuce ba.

Ta buɗe murfi za ta zuba wa tsofaffi, tururi ya tashi, ta ga hancin Ghislaine ya bi shi. Ta mayar da murfin.

"Ɗauki farantinki ki koma wancan gefen," ta ce. "Nan iska na kai miki ƙamshin."