Cinyar Jan Bunsuru

A wani ƙauye can bayan Gabi babu wanda bai san Ɗogo ba. Ba don arziki ba, don abin da ya mallaka shi ne shanun huɗa biyu da taurin kai. Da an kai gero rumbu sa'anninsa suke tsallakawa Najeriya cirani, shi kuwa bai taɓa zuwa ba. Azne ne gaba da baya, shi ke riƙe da kan gida, wurin da ake yi wa kakanni yanka, kuma ya ce kakanni ba sa karɓar abinci daga hannun maƙwabci.

Ɗansa Tanko ne ya fara cin jarrabawar shiga lise, wato babbar sakandare, a zuriyarsu, aka tura shi Madarumfa. Sai dai ɗan ƙauye in bai sami mai masauki a gari ba, karatunsa ya ƙare tun bai fara ba. Nan Ɗogo ya tuna da Alhaji Adamu, mai kamiyon da ke jigila a hanyar Ɗan Issa. Wata damina motarsa ta kafe a laka, Ɗogo ya tara samari da shanunsa suka fid da ita, ya ƙi karɓar komai. Da aka kai wa Alhaji magana ya ce a kawo yaro, akwai ɗakin da yake sauke 'yan makaranta. Ɗogo ya yi ta faɗa wa mutane cewa alheri danƙo ne.

Ana gab da komawa makaranta ya kama jan bunsurunsa ya yanka a kan gida, don hanyar yaro ta buɗe. A al'adarsu naman nan ba ya fita waje. In ka ga an ba bare cinyarsa, to an mai da shi ɗan gida ne, babu girman da ya wuce wannan. Ɗogo ya naɗe cinya a ganye, ya ɗora kan buhun gero, suka kama hanya a amalanke, yana ta jin daɗin kansa. Bawan Allah, bai san abincin wani gubar wani ba ne.

Sun tarar da Alhaji a zaure, ga ɗaliban da suka riga Tanko zuwa suna zaune gefe, har da wani Hamza mai bakin tsiya. Bayan gaisuwa Ɗogo ya kwance ganyen da hannu biyu.

"Alhaji, wanga naka ne. Wanda duk ya ci cinyar ga, ya zama uban yaro."

Alhaji bai miƙa hannu ba. "Wa ya yanka?"

"Ni, da hannuna, bisa kan gidanmu."

Da Alhaji ya ɗaga murya da ya fi sauƙi, amma a hankali ya yi maganar, kuma ba Ɗogo ya duba ba, Tanko ya duba.

"Yaro, mushe ba ya shiga gidan ga. In zama kake so, ɗauke shi da hannunka ka kai juji. Kuma daga yau sunanka Ilyasu."

Tanko ya juyo ya kalli ubansa. Ɗogo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Shi da ko mai gari bai taɓa tankwara shi ba! Zuciya ta ce masa ya naɗe namansa ya ja ɗansa su koma. Amma su koma ina? Ga gona dai, da cirani. Ya dubi ɗansa.

"Ɗauka mana. Ba ka ji abin da Alhaji ya ce ba?"

Jujin yana daura da ƙofar gida. Tanko na jefa cinyar, wani ramammen kare ya sure ta ya koma gindin katanga. Hamza ya leƙo ya fashe da dariya.

"Ilyasu, ashe ka sami uba! Je ka gaishe shi, yana cin abinci."

Ɗaliban suka yi ta ƙyaƙyatawa, Alhaji kuwa ya ce a shigar da geron ciki. Geron bai zama mushe ba.

Tanko ya rako ubansa har bakin tafki, inda masunta ke shanya taru. Bai yi kuka ba. Da ƙyar ya buɗe baki, idonsa a ƙasa.

"Baba, in ka kawo hatsi, ka daina shiga zaure."

Ɗogo ya ce to. Kunya da baƙin ciki suka rako shi har gida, kuma da uwar yaron ta tambaya ya ce mata Alhaji ya ji daɗin nama ƙwarai.

Yaron ya zauna, aka fara karatu. Ranar kasuwa Ɗogo ya zo da gero ya tsaya daga waje, ya ce a kira masa Tanko. Hamza ne a bakin ƙofa, ya ce su nan gidan ba su da mai wannan suna. Ɗogo ya daɗe a tsaye cikin rana, buhu a kafaɗa. Sunan Tanko kuwa shi ya raɗa shi a kan gida, gaban kakanni.

"Ilyasu," ya ce. "A kira mini Ilyasu."