Karkarwar Tsohuwar Jif

Ba a daɗe da canjin hannun tuƙi a ƙasar nan ba aka kai ni gidan Malam a Gumel. Ina koyarwa a firamare, shi kuma malamin dabbobi ne, yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Mutum ne marar yawan magana, ni ma kunya ta cika ni, saboda haka hirarmu ba ta wuce sannu da zuwa da ga abinci. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune tare da mu, ita ce mai surutun gidan.

Yana da wata tsohuwar jif koriya da ya saya hannun wani falke a Maigatari, irin wadda in an shiga yashi ake jan wani ƙaramin giya ƙafafunta huɗu su ja gaba ɗaya. Bayan daminar shekarar sai ta ɗauki wani hali. Da zarar ta kama gudu a kan burji, sai ta hau karkarwa kamar mai masassara, kwalaben maganinsa su yi ta karo da juna a cikin akwati. Ya mai da tayoyin gaba baya, ya kankare busasshen taɓon da ya manne a cikin wili, ya ɗaure duk notin da hannunsa ya kai. Ba ta fasa ba. Sau da yawa in na leƙo zaure, ƙafafunsa kawai nake hangowa daga ƙarƙashinta.

Wata Asabar da hantsi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina yana murza hula.

"Malama, ko za ki taimake ni?"

"Da me, Malam?"

"In ina tuƙi ba na gane inda rawar nan take fitowa. Ina son wanda zai zauna a baya ya saurara mini."

Na dubi Inna da ke tsince wake a tsakar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Tashi ki bi mijinki, girkin ba zai gagare ni ba."

Muka ɗauki hanyar Sule Tankarkar. Ya ce in tuɓe takalmi in kafa tafin ƙafata a kan ƙarfen ƙasan motar. Ƙarar inji ta sa dole sai da ihu.

"Ta fara?"

"Ba ta fara ba!"

Ya ƙara wuta. Sai na ji abin ya taso mini tun daga diddige har haƙora.

"Yanzu! Yanzu, Malam!"

Ranar na fara ɗaga masa murya, na kuwa ji nauyin hakan, amma shi ko a jikinsa. Ya fitar da giya ya bar motar tana gangarawa da kanta, ya tambaye ni ko ta daina. Na ce tana nan. Ya ce to ba inji ba ne, kuma sitiyari bai motsa a hannunsa ba, ke nan ba tayoyin gaba ba ne.

"A ina kika fi ji? Dama ko hagu?"

"Tsakiya ne, daidai ƙarƙashina. Kuma duk sanda ka ɗaga ƙafa, wani abu yana cewa ƙwal."

Ya waiwayo ya dube ni sosai, har sai da na ce ya dubi hanya.

Ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Can ya kira ni in leƙo. Ya nuna mini farfela, doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. A ƙarshenta akwai wata gaɓa da ya kira kuros. Da ya girgiza ta sai ta yi lako-lako, wani jan garin tsatsa ya zubo masa a goshi. Ya kwance sandar ya ajiye a gefena, ya ja ƙaramin giyan nan don ƙafafun gaba su ɗauki aikin, muka sake hawa hanya.

Shiru. Kwalabe sun natsu. Malam ya bugi sitiyari ya tuntsire da dariya, a nan na san ashe yana da wushirya.

Murna ce ta sa ya karkata ya bi wata hanyar yashi ta wajen Ɗanzomo, wai zai nuna mini wani garke da ya warkar. Ya manta ƙafa biyu kawai ke ja. Ba mu yi nisa ba muka kafe. Ya tone yashin da hannu, ya cusa ganyen kaba a ƙarƙashin tayoyi, ya duba gabas da yamma, ba kowa sai wata tsohuwa da awakinta.

"Malama, sai dai ki zauna a nan ni in tura."

Na ce ban taɓa tuƙi ba. Ya nuna mini kuloci a hagu, totur a dama, ya ce in saki wannan a hankali in taka wancan. Na yi bisimilla na saki. Motar ta yi tsalle ta fita daga ramin, ta kuma ci gaba da tafiya, don bai gaya mini yadda ake tsayawa ba. Na faɗa wata gona da aka riga aka girbe, karan gero yana karyewa ta ko'ina, shi kuma yana bina a guje, hula ta faɗi, yana ihu, "Na tsakiya! Taka na tsakiya!" Na taka da dukkan ƙarfina, motar ta yi shaƙuwa ta mutu.

Ya iso yana haki, ya riƙe ƙofa.

"Ba ki ji ciwo ba?"

Na girgiza kai. Tsohuwar nan ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya, mu ma muka kama, har hawaye.

Ran kasuwar Maigatari ya kai sandar wurin wani bakanike mutumin Damagaram, wanda yake ce mata kardan. Ya sa sabon kuros, ya ja wa Malam kunne a kan ya riƙa shafa masa man giris. Daga nan duk Asabar ɗin da ba shi da aiki, sai mu fita bayan gari ya ba ni sitiyari. Da birki muka fara.

Da bazara Inna ta ce a kai ta Gagarawa wurin ƙanwarta. Muna fita gari ta ce Malam ya tsaya, ta ji labari, tana so ta gani da idonta. Na karɓi sitiyari. Ta riƙe ƙofa da hannu biyu, ba ta daina salati ba har muka hango rufin tasha, inda Malam ya karɓi tuƙin don kada mutane su taru a kanmu. Wahalar banza ya yi. Tun kafin ta gama sauka ta ɗaga murya tana gaya wa ƙanwarta da duk matan da suka fito tarya cewa surukarta ce ta kawo ta.