Madarar Jariran Da Na Loda

Edita, a shekarar da China ke shirin wasannin Olamfik ina can a unguwar Xiaobei, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta da lodin kaya. Ina jin yaren, ina kuma ji da kaina. Lokacin hukuma ta matsa, ma'aikatan kula da abinci na bin sito-sito suna ɗibar samfur.

Wata Hajiya 'yar Maraɗi, wadda ta riƙe ni tamkar ɗanta, ta bar mini sallahun madarar jarirai ta koma gida. Na samu wani laoban, wato mai kaya, a unguwar Liwan. Gwangwanayensa ba su da ko rubutu, ya ce duk tambarin da nake so zai manna. Ni da hannuna na rubuta masa bayanin Faransanci, har da ranar lalacewa da na ƙirƙira.

Muna cikin mannawa ma'aikatan suka shigo. Shugabarsu, wata mata mai sanyin magana, ta ɗauki gwangwani uku, ta sa aka liƙe sauran da takardar hukuma, ta ce kada a taɓa sai sakamako ya fito. Suna fita laoban ya raɗa mini cewa yana da irin madarar a wani siton. Na san haɗi ɗaya ne. Na loda, kwantena ta tashi.

Bayan mako uku matar ta kira ni ofis. Ta ce abin da suka samu a ciki yana lalata ƙodar jariri, ta tambaye ni ko wani kaso ya fita. Na ce mata meiyou, babu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Idan akwai, ka buga waya yau. Ba don ni ba."

Ban buga ba. Kaya suna kan ruwa, na ji tsoron a soke mini biza, na ji kunyar Hajiya. Kullum sai in ce gobe.

Da Hajiya ta dawo China bayan wata bakwai, ta yi ta sa mini albarka, wai madara ta ƙare tas, har ƙauyuka an kai. Ta ce ta ware katan biyu ma jikarta, amma Allah ya karɓi yarinyar kafin ta shanye. Na yi mata ta'aziyya. Ban tambayi ciwon ba, har yau kuma ban tambaya ba, domin ina tsoron amsar. Hajiya ta rasu tana kirana ɗan albarka.

Na bar sana'ar, na yi ta istigfari, amma ban san adadin gidajen da zan nemi yafiyarsu ba, ban san ko sunan ƙauyukan ba. Yanzu ina da 'ya'ya, kuma ba na iya tsayawa inda ake dama wa jariri madara.

'Yan'uwana masu lodi, idan hukuma ta liƙe kaya, ku bar su a liƙe. Uwar da za ta saya ba ta da wurin gwaji, rubutun da kuka manna kawai ta yarda da shi.