Baƙin Tabon Jirgin Abba

Duk sa'ad da na ji warin kwalta, ko da masu gyaran titi ne a unguwar Tremont, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Ina yarinya aka kawo shi daga Yawuri don a yi masa magani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa kwalekwale a bakin Kwara, sai ga shi a ƙasar waje, a hawa na shida na benenmu a unguwar Park Hill, yana kallon bango. Ya daina cin abinci. Ko tsokanar da yake mini, wai ni ce amaryarsa mai amsa Hausa da Turanci, ya bari. Kullum maganarsa ɗaya: a mayar da shi gida. Likita kuwa ya gaya wa Abba, in ya tafi bai gama magani ba, sai dai addu'a.

A bazarar nan Abba ya sayi wani tsohon jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda ake ɗora dandamali a kan manyan bututun alminiyam biyu. Guguwa ta goga shi da dutse, ta bar masa doguwar ƙarzuwa a gefe. Ran wata Lahadi Abba ya ƙi fita da tasi, ya lallaɓa Kaka muka je inda aka ajiye shi.

Kaka ya zagaya shi, ya taɓe baki. "Wannan ne jirgin? Ai rumfa ce aka ɗora kan ganguna!" Amma fa hannunsa bai bar ƙarzuwar nan ba, yana ta shafa ta. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Daga nan kullum sai an kai shi. Abba ya sayo sanfefa da man goge ƙarfe, yana so gefen ya yi ƙyalli kamar sabo. Ni nake riƙe wa Kaka kujera, ina kallon yadda yake bin ƙarfe a hankali, ba gaggawa, yana ƙananan waƙoƙin masunta. Wallahi ban taɓa ganin hannu mai haƙuri irin nasa ba.

Wata rana Abba ya dawo daga filin jirgin sama na JFK ya tarar da aika-aika. Kaka ya roƙi kwalta wurin masu gyaran rufi, ya narka ta a gwangwani, ya cusa tsumma a inda ƙarzuwar ta fi zurfi, ya shafe baƙi ƙirin, yadda ake toshe kwalekwale a gida.

"Haba Baba! Ai ba ya yoyo, kwalliya ce kawai ta ɓaci."

"Kai yaro ne. Jikata za ta hau, in bar rauni a buɗe?"

Abba ya dubi tsohon da ke tsaye da ƙafafunsa, gumi na zuba. Sai cewa ya yi, "Ɗaya gefen ma a duba mana, Baba."

Ɗaya gefen lafiyarsa lau. Amma duba shi ya kai Kaka har ƙarshen magani, kuma tare muka shiga ruwa, yana zaune a gaba yana yi wa Abba faɗan tuƙi.

Kaka ya koma Yawuri da ƙafarsa, can ya rasu bayan shekaru, Allah ya jiƙansa. Yanzu Abba ya manyanta, ni nake goge jirgin duk bazara, da injin da ke gama aikin wata guda kafin azahar. Bara wani mai gyara ya ce zai kankare mini baƙin tabon nan kyauta, don yana ɓata jirgin. Na ce ya goge ko'ina, amma ya bar mini nan.