Gaisuwar Sallar da Manhajata Ta Tura wa Kawu

Shekarar da aka sa mini rana ita ce shekarar da na fara ɗaukar kaina gwanin kwamfuta. Ina aiki a wani shagon buga takardu a cikin garin Daura, in babu kwastoma sai in zauna koyon rubuta manhaja da yaren Python. Ban yi wani nisa ba, amma har tafiyata ta sauya.

A lokacin ne na gano wani umarni mai suna exec. Kana ba shi rubutu, sai ya ɗauke shi a matsayin manhaja ya gudanar nan take. Abin ya shiga raina, ko'ina sai na cusa shi, da buƙata ko babu.

Da Babbar Sallah ta matso, na ce ni na wuce zaman danna waya ina gaida mutane ɗaya bayan ɗaya. Na tsara wa kowa gaisuwarsa: Kawu na Baure, yayan mahaifiyata mai fataucin shanu; Goggo ta Sandamu; mahaifin yarinyar da zan aura, malami mai karantarwa a zaure; sai ita kanta a ƙarshe. Manhajar tana bi ta kansu, tana ƙera wa kowa ɗan umarnin da zai tura masa saƙo. Lambar waya na liƙa ta cikin rubutun kai tsaye. Gaisuwar kuwa na zuba ta a mazubi guda, wato wurin ajiyar bayani a cikin manhajar, kowane umarni sunan mazubin kawai ya riƙe. Na saita lokaci, na tafi Idi ina taƙama.

Muna tsakiyar fiɗar rago wayata ta yi ƙara. Kawu ne.

"Kai, ɗan nan, lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Lafiya lau, Kawu. An yi Sallah lafiya?"

"Lafiya. To ni dai bana ban ɗinka leshi ba. Kuma tun da nake, ko matata ba ta taɓa kira na rabin ranta ba."

Na ajiye wuƙa, na goge hannu, na duba abin da ya fita. "Rabin raina, barka da Sallah, na ƙagu in gan ki cikin sabon leshi." Kowa shi ya samu. Har Malam.

Na fi awa a gaban kwamfuta ina zagin ta kafin in gane ba ta da laifi. Umarnin ba ya riƙe abin da ke cikin mazubi lokacin da aka ƙera shi. Sai an tashe shi aiki yake leƙawa. A lokacin kuwa manhajar ta gama zagaye, kowace gaisuwa ta shafe ta gabanta, ta amarya kaɗai ta rage. Gyaran layi ɗaya ne, a miƙa wa kowane umarni gaisuwarsa tun wurin ƙera shi. Na gyara, amma saƙo ya riga ya tafi.

Goggo ba ta karatun boko, sai ta ba maƙwabciya ta karanta mata a tsakar gida, gaban masu suyar nama. Har yau in na je Sandamu da guɗa ake tarbata.

Bayan la'asar na tafi zauren Malam. Na durƙusa na fara bayani a kan mazubi da umarni. Ya bar ni na yi ta surutu har na rasa inda na dosa.

"Saƙonka ya iso," in ji shi, yana gyara zaman tabarau. "Na ga ba nawa ba ne, na aika da wayar cikin gida. Allah Ya sa albarka. Tashi ka je."

A cikin duk mutanen nan amaryar ce kaɗai ta yi fushi. Ta ce maganar da aka raba wa mutum huɗu ba tata ba ce, in sake wata, kuma da bakina.